Maganin tausasa bayan gida: abin da docusate yake yi, da inda ƙarfinsa ya tsaya

Wanda aka taɓa sallama daga asibiti bayan tiyata, ko macen da ta haihu aka yi mata ɗinki, wataƙila ya ga wani ɗan kafso mai santsi a cikin magungunan da aka haɗo masa, an rubuta docusate sodium a jikin kwalin. A wasu ƙasashe sunansa na kasuwa Colace, a wasu Dioctyl, na ruwansa kuma Docusol. Da yawa suna ɗaukarsa a matsayin maganin wankin ciki. Mutum ya sha da dare, ya kwanta yana jiran ciki ya motsa da asuba. Gari ya waye shiru, sai ya ce jabu aka ba shi, ko ya ninka abin da aka ce ya sha. Maganin bai yi laifi ba, aikin da ba nasa ba aka ɗora masa.

Kafin a gane aikinsa sai an san yadda bayan gida ke taurara. Kowace rana kimanin lita ɗaya da rabi na ruwa-ruwan da ya rage bayan narkewar abinci ke gangarowa daga ƙaramin hanji zuwa babban hanji. Babban hanji shi ke tsotse ruwan ya mayar wa jiki, har abin da zai fita waje bai wuce mililita 100 zuwa 200 ba. Bayan gida mai kyau kusan kashi 75 cikin 100 ɗinsa ruwa ne. Muddin ya daɗe zaune a hanji, tsotsar ba ta tsayawa, kuma ruwa kaɗan ne zai ragu ya koma kamar dutse. Shi ya sa wanda ya matse bayan gida yau saboda yana kan hanya ko yana tsoron zafi, gobe wahalarsa ta fi ta yau.

A nan ne ake yawan ruɗewa da ƙirgen kwanaki. Daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako duk lafiya ne, in dai yana fita cikin sauƙi. Abin dubawa shi ne kamanninsa da irin yunƙurin da ake yi. Likitoci na da wani ma'auni da aka wallafa daga birnin Bristol na Ingila a 1997, wanda ya kasa bayan gida gida bakwai. Na ɗaya ƙwalaye ne ƙanana masu tauri kamar kashin awaki, na biyu dunƙule ne mai gudaji-gudaji, na uku da na huɗu su ake so, na bakwai ruwa ne tsagwaronsa. Mai na ɗaya ko na biyu yana da taurin bayan gida ko da kullum yake zagayawa.

Docusate ɗan gidan su sabulu ne ta fuskar sinadari. Ka ɗiga ruwa a kan busasshen abu mai maiƙo, za ka ga ya taru ya gangare bai jiƙa shi ba. Ka sa ɗan sabulu a ruwan, sai ya baje ya ratsa. Haka yake yi a hanji: yana sa ruwa da maiƙo su ratsa cikin busasshen bayan gida su tausasa shi. Tun asali ma ba don ciki aka ƙirƙire shi ba. An yi masa rajista a Amurka a 1937 a matsayin sinadarin jiƙa abubuwa a masana'antu, sai a 1955 aka fara gabatar da shi don taurin bayan gida. Har yau ana sa shi a wasu magungunan ɗigawa a kunne don tausasa dattin da ya daskare, kuma aikin ɗaya ne.

To, abin riƙewa shi ne tausasawa yake yi, turawar da yake yi wa hanji kaɗan ce ƙwarai. Kuma ba ya gaggawa. Wanda aka sha ta baki yakan ɗauki awa 12 zuwa 72, galibi kwana ɗaya zuwa biyu, kafin a ga canji. Canjin ma ba gudu zuwa banɗaki ba ne, sai dai idan lokacin ya zo a ji an rage yunƙuri.

Waɗanda ya fi dacewa da su

Amfaninsa ya fi fitowa a wurin mutumin da yunƙuri zai cutar da shi. Wanda aka yi wa aikin ƙaba ko wata tiyatar ciki, yunƙuri yana jan ɗinki. Mai basir, yunƙuri yana ƙara kumbura jijiyoyin da ke bakin dubura har su zubar da jini. Mai tsagewar dubura yana cikin wani zagaye mai wuyar fita: busasshen bayan gida ya yaga wurin, tsoron zafi ya sa ya matse, matsewa ta ƙara busar da shi, fitowa ta gaba ta sake buɗe ciwon. Haka mai jego da aka ƙara wa hanya ko ta yage wajen haihuwa. Sai mai ciwon zuciya, musamman wanda bai daɗe da samun toshewar jijiyar zuciya ba. Idan mutum ya riƙe numfashi ya yi yunƙuri da ƙarfi, hawan jininsa da bugun zuciyarsa suna yin sama da ƙasa cikin daƙiƙoƙi, abin da kan jawo jiri ko suma, kuma zuciya mai rauni ba ta son wannan.

A duk waɗannan, riga-kafi ake nema. Ana fara maganin tun kafin bayan gidan ya taurara, shi ya sa ake bayar da shi ranar sallama ko da majiyyaci bai yi ƙorafi ba. Wanda ya ajiye shi sai ya kwana biyar bai zagaya ba ya makara, don dutsen da ya riga ya sauko bakin dubura ba abin da kafso zai yi masa cikin sauri.

Yadda ake sha

Kafson da aka fi samu na miligiram 100 ne, akwai kuma na 50 da na 250. Babba yakan sha miligiram 100 sau ɗaya zuwa sau uku a rana. Takardar da ke jikin kwali a Amurka ta ce daga 50 zuwa 300 a rana, a Birtaniya kuwa iyakar da aka yarda ita ce 500 a rana a rarrabe. Akwai ɗan'uwansa docusate calcium, shi miligiram 240 ne sau ɗaya a rana. A bi abin da likita ya rubuta ko abin da ke jikin kwalin da ke hannu, kada a haɗa lissafin wani da na wani.

A haɗiye kafson ɗungurungum da cikakken kofin ruwa. Kada a tauna, kada a fasa, don abin da ke ciki ɗaci gare shi kuma yana ƙona maƙogwaro. Da abinci ko ba abinci duk ɗaya ne. Ruwan kuwa ba ado ba ne. Maganin ƙofa kawai yake buɗe wa ruwa, idan jiki a bushe yake babu abin da zai shiga. Kofi shida zuwa takwas a rana ya wadatar da yawancin manya, kuma fitsari mai haske alama ce ta an sha isasshe. Sai dai wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon ƙoda ko gazawar zuciya, shi kada ya ƙara da kansa.

Na ruwa ya fi buƙatar lura. Na manya yakan zo da miligiram 50 a cikin mililita 5, na yara kuma 12.5 a cikin mililita 5. Kwalaben na iya kama da juna, amma cokali ɗaya na manya daidai yake da huɗu na yara. Uwar da ta zuba wa yaro daga kwalbar manya da ma'aunin da aka faɗa mata na yara ta ba shi ninki huɗu ke nan. A karanta ƙarfin da ke jikin kwalba kowane lokaci, a auna da ɗan kofi ko sirinjin da ya zo da maganin. Cokalin kicin ba ma'auni ba ne, wani ya fi wani zurfi. Saboda ɗacinsa ana gauraya shi da rabin kofin madara ko ruwan 'ya'yan itace a shanye nan take.

Idan an manta lokaci ɗaya, a bar shi a sha na gaba yadda aka saba, ba a haɗa biyu. Kuma mai saye da kansa kada ya wuce mako guda yana sha ba tare da ganin likita ba. Wasu hukumomin lafiya ma kwana biyar suka ce.

Akwai kuma wanda ake tsiyayawa ta dubura, ɗan bututu mai miligiram 120 irin su Norgalax. Shi yana aiki cikin minti 5 zuwa 20, don ya isa wurin kai tsaye. Ana kwanciya ta gefen hagu a naɗe gwiwoyi, a matso ɗigo ɗaya a shafe bakin bututun, a tura a hankali, a matse duka, sannan a zaro shi ana ci gaba da matsewa. Idan aka saki hannu kafin a zaro, bututun zai iya tsotse wani ɓangare na maganin ya koma da shi. Abin mamaki, wannan bai dace da mai basir ko tsagewar dubura ba, ko da yake kafson ya dace da su, saboda yana zafi a kan ciwo kuma bakin bututun na iya fama wurin.

A kuma duba sunan sinadarin, ba sunan kamfani kaɗai ba. Sunan Dulcolax, alal misali, an fi saninsa da bisacodyl mai motsa hanji da ƙarfi, amma a wasu ƙasashe akwai docusate da ake sayarwa ƙarƙashin sunan. Akwai kuma haɗe-haɗe irin Senokot-S, inda ƙwaya ɗaya ke ɗauke da docusate miligiram 50 da senna, mai motsa hanji, miligiram 8.6. Wanda ya sha wannan yana zaton mai tausasawa ne kawai, murɗar ciki da asuba za ta ba shi mamaki.

Gaskiyar ƙarfinsa

Duk da yawan rubuta shi da ake yi, hujjar da ke bayansa ba ta da kauri. A wani gwaji da aka wallafa a 1998 kan mutum 170 masu daɗaɗɗen taurin bayan gida, garin psyllium, wato ɓawon irin wani tsiro da ke riƙe ruwa a hanji, ya fi docusate ƙara ruwa a bayan gida da tausasa shi. A wani kuma da aka yi a Kanada aka wallafa a 2013, an raba majiyyata 74 da ke jinyar ƙarshen rayuwa gida biyu. Dukkansu suna shan senna, wasu aka ƙara musu docusate, wasu aka ƙara musu kafson da babu magani a ciki. Ba a ga bambanci ba. Irin wannan sakamako ya sa wasu asibitoci suka rage amfani da shi.

A ganinmu hukuncin da ya dace shi ne: magani ne mai sauƙin hali, illarsa kaɗan, amfaninsa ma matsakaici. Ga mai ɗinki da ke son kwana biyar ba yunƙuri, ba laifi. Ga wanda ya shekara yana fama, ɓata lokaci ne a tsaya a kansa.

Inda ya fi gazawa shi ne taurin da magungunan kashe zafi masu ƙarfi ke jawowa, irin su morphine, codeine da tramadol. Waɗannan suna sanyaya motsin hanji ne gaba ɗaya. Ka tausasa bayan gidan yadda ka ga dama, yana nan zaune inda yake, don babu mai tura shi. Irin wannan majiyyaci yana buƙatar mai motsa hanji kamar senna, miligiram 7.5 zuwa 15 da dare, wanda ke aiki cikin awa 8 zuwa 12, sau da yawa tare da mai jawo ruwa cikin hanji. Masu jawo ruwan su ne lactulose, wanda babba kan fara da mililita 15 sau biyu a rana kuma yana iya ɗaukar kwana biyu, sai macrogol, garin da ake narkawa a ruwa. Lactulose yana yawan sa kumburi da tusa saboda ƙwayoyin hanji na cinye shi su fitar da iska, macrogol bai kai shi ba.

Tun da an zo kan magunguna, a duba jakar magani kafin a ƙara wani a ciki. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ƙwayar kalsiyam, maganin gyambon ciki mai alminiyam, amitriptyline, verapamil, hyoscine, da wasu magungunan mura masu sa barci duk suna busar da ciki. Wani lokaci canza guda ɗaya, da shawarar likita, ya fi duk wani mai tausasawa. Raunin aikin ƙulun wuya da ake kira thyroid da ciwon suga ma suna kawo taurin bayan gida.

Haɗin da ba a yi

Kada a haɗa docusate da man paraffin na sha. Shi wannan mai an tsara shi ya bi ta hanji ya fice ba tare da ya shiga jini ba. Docusate yana farfasa shi ƙanana-ƙanana har bangon hanji ya tsotse shi, jiki kuma ba ya iya narkar da shi, sai ya taru a hanta da saifa da ƙululun jiki ya haddasa kumburi. Man paraffin ko shi kaɗai yana da matsalolinsa. Yana rage tsotsar bitamin A, D, E da K idan an daɗe ana sha, yana tsiyaya ta dubura ya ɓata tufafi, kuma idan tsoho ko ƙaramin yaro ya ƙware da shi ya shiga huhu, yana jawo ciwon huhu mai wuyar magani. Wasu magungunan ruwa na ciki suna ɗauke da shi a haɗe da wani abu, don haka a karanta jerin abin da ke ciki.

Illolin docusate na yau da kullum ba su da yawa: ɗan murɗar ciki, tashin zuciya, zawo idan an sha da yawa, da ƙaiƙayin maƙogwaro ga mai shan na ruwa. Zawo na nufin a rage ko a daina. Idan ya daɗe yana zubar da ruwa da gishirin jiki, musamman fotasiyam, abin da ke da haɗari ga tsofaffi da masu shan maganin sa fitsari ko maganin zuciya digoxin. Ƙuraje, kumburin leɓe ko fuska, ko wahalar numfashi ba kasafai ake gani ba, amma in sun faru asibiti ake nufa nan take.

Lokacin da ba a taɓa shi

Haɗarin da ya fi girma ba daga ƙwayar yake ba, daga abin da take ɓoyewa ne. Ciwon ciki mai tsanani tare da amai, ciki ya kumbura ya yi tauri, ko tusa ba ta fita, wannan na iya zama toshewar hanji. Ciwon da ya fara daga cibiya ya koma ƙasan dama, da zazzaɓi da rashin son abinci, na iya zama afendis. A waɗannan ba a shan kowane irin maganin bayan gida, mai ƙarfi ko mai sauƙi, har sai likita ya duba.

Akwai kuma alamun da ba na gaggawar dare ba ne amma ba a zama da su: jini a bayan gida, bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarin jini, rama ba dalili, ƙarancin jini, ko yadda mutum ya saba zagayawa ya canza farat ɗaya ya wuce mako biyu a haka, musamman ga wanda ya haura shekara 50 ko aka taɓa samun kansar hanji a danginsa. Mutane na saurin cewa basir ne. Sau da yawa basir ɗin ne, amma mai basir ma na iya samun wani abu a can sama, kuma dubawa ce kawai ke rarrabewa.

Wani tarko da masu jinyar tsofaffi ke faɗawa: tsoho ya yi kwanaki bai zagaya ba, kwatsam sai a ga ruwa-ruwa yana ɓata masa wando. A ce zawo ne, a ba shi loperamide mai tsayar da zawo. Alhali dunƙule ne ya toshe dubura, ruwan da ke sama yake zagayowa ta gefensa. Maganin zawo ƙara ƙulle shi yake yi, docusate na baki kuma bai isa ya fasa shi ba. Wannan sai an duba, a yi amfani da macrogol mai yawa bisa tsari, ko maganin matsi, ko tsiyaye ta dubura, wani lokaci ma sai ma'aikacin jinya ya sa safar hannu ya ciro.

Masu ciki, masu shayarwa da yara

Taurin bayan gida ya zama ruwan dare ga mai ciki, saboda sinadarin progesterone yana sassauta hanji, ga ƙwayar ƙarin jini, ga nauyin mahaifa. Ana fara gwada ƙarin ruwa, tafiya a ƙasa, da abinci mai harza, wato kayan lambu, 'ya'yan itace, wake da hatsin da ba a cire dusarsa ba. Babba na buƙatar giram 25 zuwa 30 na harza a rana, a riƙa ƙarawa sannu a hankali don kada ciki ya kumbura. In bai yi ba, likitoci sukan fara da psyllium ko lactulose. Kaɗan ne daga docusate ke shiga jini, kuma ana ba masu ciki da masu shayarwa shi na ɗan lokaci, amma a sanar da likita ko ungozoma tukuna. Mai shayarwa ta lura ko jaririn ya fara zawo.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ba a ba shi sai an rubuta, kuma kafson manya ba nasa ba ne. Jariri ɗan ƙasa da wata shida ba a ba shi sam. A yara macrogol ne aka fi farawa da shi. Jaririn da nono kaɗai yake sha kuwa yana iya kwana da yawa bai yi kashi ba, in dai ya zo da laushi kuma yaron yana tsotso yana wasa, ba magani yake nema ba.

Ko da ana shan maganin, yadda ake zama a banɗaki na iya rage rabin wahalar. Hanji ya fi motsi cikin rabin awa bayan cin abinci, musamman na safe, to a ba shi wannan lokacin. Mai amfani da masai na zama ya ɗora ƙafafunsa a kan ɗan abin takawa har gwiwoyi su fi ƙugu tsawo, ya sunkuya kaɗan ya dafa gwiwoyinsa, don hakan yana miƙar da lanƙwasar da ke ƙarshen hanji. Ya riƙa fitar da numfashi ta baki maimakon riƙe shi. Minti biyar zuwa goma ya isa, in bai zo ba ya tashi sai an jima. Da zarar bayan gida ya koma na uku ko na huɗu a ma'aunin nan na kwana biyu ko uku a jere, mai shan sau biyu ya koma sau ɗaya, daga nan ya ajiye. Ragowar kuma a rufe shi a wuri mai sanyi mara danshi, don kafson yana narkewa ya manne da juna idan ya ji zafi.